Shekara Shida Tsakanin Farar Ɗamara da Baƙa

Na fara koyon kareti ina da shekara 33, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai daga darasin farko shi ne yadda aka jera mu. Kafin a yi ko motsi ɗaya, babban ɗalibi ya ɗaga murya, kowa ya ruga ya kama wurinsa a sahu: masu baƙar ɗamara a farko, sai masu ruwan ƙasa, sai sauran launuka bi da bi, har zuwa ƙarshe inda masu farar ɗamara suke. Ni ko farar ma ban iya ɗaurawa ba tukuna, saboda haka na tsaya a can wutsiyar sahu, ƙasa da wani yaro da bai wuce shekara 8 ba, wanda ya riga ni zuwa da wata biyu kuma yake ganin wannan ya ba shi ikon nuna mini inda zan aje ƙafata. A wurin aiki ina da mutanen da suke jiran umarnina, a gida ina da iyali, amma a wannan zaure babu wanda ya tambaye ni ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ke ɗaure a ƙugun mutum shi kaɗai ne yake faɗin inda zai tsaya, da wanda zai saurara, da wanda zai saurare shi.

Ban ɓoye wa kaina ba cewa wannan ya sosa mini rai, kuma maganin da na samo wa kaina shi ne lissafi. Salon da ake koyarwa a wurinmu shi ne Shotokan, kuma a tsarin ƙungiyarmu ana yin jarrabawa duk bayan wata uku ga wanda ya cika adadin darussan da aka ƙayyade. Matakan da ke ƙasa da baƙar ɗamara ana kiran su kyu, kuma ƙidayarsu juye take, domin daga babbar lamba ake saukowa zuwa ta ɗaya. Na ɗauki biro na jera su, na ƙara watannin jiran da ake buƙata a ƙarshe, sai na ga cewa cikin shekara uku da 'yan watanni ya kamata in ɗaura baƙa. Haka na saba da harkar karatu da takardun shaida: a ba ni manhaja, a faɗa mini ranar jarrabawa, in yi abin da ake so, in karɓi takardata. Na ɗauka ɗamara ma takardar shaida ce, bambancinta kawai shi ne da zare aka saƙa ta. Shekara shida cur na yi kafin in kai inda na yi wa kaina alkawarin zuwa cikin uku.

Sai daga baya na san cewa wannan tsarin launuka, wanda nake kallo kamar abin da aka gada tun zamanin kakannin kakanni, bai kai tsufan da nake zato ba, kuma asalinsa ma ba na kareti ba ne. Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar judo ta Kodokan a Tokyo a 1882, shi ne ya aro tsarin matakan dan, wato matakan da ke sama da kyu, daga wasan dara na Go, kuma a 1883 ya ba ɗalibansa biyu, Tomita Tsunejiro da Saigo Shiro, matakin farko. A lokacin babu wata alama a jiki da take nuna hakan. Sai bayan 'yan shekaru masu matakin suka fara ɗaura baƙar ɗamara, sauran kuma suka zauna da fara. Gichin Funakoshi, malamin makaranta daga tsibirin Okinawa wanda ya nuna kareti a Tokyo a 1922, ya ga tsarin Kano ya ɗauka, har da irin tufafin horon, kuma a 1924 ya ba ɗalibansa na farko matakin dan. Malaman da suka koyar da Funakoshi a Okinawa, irin su Anko Itosu, ba su taɓa ɗaura wa kowa ɗamarar girma ba. Launuka masu yawa kuwa a Turai suka yaɗu, kuma sunan da aka fi dangantawa da yaɗuwarsu shi ne Mikinosuke Kawaishi, wanda ya koyar da judo a Faransa tun daga tsakiyar shekarun 1930, ya kuma lura cewa ɗalibansa sun fi dagewa idan suna ganin alamar ci gaba a kai a kai. Da na karanta wannan sai na yi dariya ni kaɗai, domin na gane cewa saboda marasa haƙuri irina aka ƙirƙiro abin. Labarin nan kuwa da ake yawan bayarwa, wai a dā farar ɗamara ce take yin datti a hankali har ta koma baƙa saboda ba a wanke ta, tatsuniya ce mai daɗin ji wadda tarihi bai goyi bayanta ba, kuma shawarata ga kowa ita ce ya riƙa wanke tasa.

Horon Shotokan kashi uku ne. Akwai kihon, wato maimaita ginshiƙan motsi, naushi da tarewa da shuri, ana tafiya gaba ana dawowa baya har ƙafa ta fara rawa. Akwai kata, jerin motsi tsararre da mutum yake yi shi kaɗai kamar yana karawa da abokan gaba da ba a gani. Sai kumite, karawa da mutum na gaske. A jarrabawata ta farko an buƙaci kata mai suna Heian Shodan, mai motsi 21, ɗaya daga cikin guda biyar da Itosu ya tsara domin 'yan makaranta da sunan Pinan, kafin Funakoshi ya sauya musu suna zuwa Heian. Kowace kata tana da layin tafiyarta a ƙasa, kuma ana so mutum ya ƙare a daidai inda ya fara, domin wannan ne yake nuna cewa tsawon takunsa bai sauya ba daga farko zuwa ƙarshe. Ni na ƙare kusan taku guda daga inda na tashi, muryata kuma ta maƙale a wurin ihun nan da ake kira kiai, amma duk da haka aka ba ni rawayar ɗamara. Na koma gida ina jin kamar na ci yaƙi, ban ko kula da ɗan rubutun da mai jarrabawa ya yi a gefen takardata ba. Kalmomi uku ne kacal: a kula da ƙafar baya.

Motsi huɗu na ƙarshe a Heian Shodan ana yin su ne a wata tsayuwa da ake kira kokutsu-dachi, kuma a kanta labarina duka ya rataya. A wannan tsayuwa kimanin kashi 70 cikin 100 na nauyin jiki yana kan ƙafar baya. Tafin ƙafar baya yana kallon gefe, na gaba yana kallon gaba, dugadugan biyu suna kan layi ɗaya, gwiwar baya a lanƙwashe sosai kuma a tura ta waje ta tsaya saitin tafin ƙafa, gadon baya kuma a miƙe. Amfaninta shi ne ta janye jikin mutum daga harin da ke tahowa ba tare da ya gudu ba, ta kuma tara ƙarfi a ƙafar baya wanda zai iya sakewa gaba nan take. Ga wanda ya yi shekaru yana zaune a kujera daga safe zuwa yamma, kamar ni, ƙugu ba ya yarda ya buɗe yadda ake so, kuma cinya tana ɗaukar zafi kafin a ƙirga goma. Jikina ya samo wa kansa dabara ba tare da ya yi shawara da ni ba: gwiwar baya ta riƙa faɗowa ciki, ɗuwawu ya ɗan turo baya, nauyi ya zamo zuwa tsakiya. Daga nesa, a cikin tufafi masu faɗi, abin yana kama da daidai, musamman idan hannu yana sara da sauri yana ɗauke hankalin mai kallo.

Da wannan dabara na wuce Heian Nidan, wadda da wannan tsayuwar ma take buɗewa, na karɓi ɗamara mai launin ruwan lemo, sannan koriya. Duk jarrabawa sai an yi mini irin wancan rubutu, duk jarrabawa kuma sai an ba ni ɗamara, saboda haka na yanke wa kaina hukunci cewa rubutun al'ada ce kawai ta masu jarrabawa, waɗanda dole su sami abin faɗa. Waɗannan shekaru biyu na farko su ne mafi daɗi, domin kowane wata akwai sabon abu. Na koyi cewa ƙarfin naushi daga ƙasa yake tasowa, ya bi ta ƙafa, ƙugu ya juya shi, hannu kuma ɗan aike ne kawai. Na koyi cewa hannun da ake janyewa zuwa ƙugu yana da aiki daidai da wanda ake turawa. Na fara jin abin da ake kira kime, wato tsukewar tsokoki gaba ɗaya na ɗan ƙiftawar ido a ƙarshen motsi, sannan a saki. A kumite an fara mu da taku biyar, abokin karawa ya faɗi inda zai kai hari, ya kai sau biyar a jere, kai kuma kana ja da baya kana tarewa har ka rama a na ƙarshe. Daga nan aka koma hari ɗaya tak, wanda ya fi wuya nesa ba kusa ba, domin babu damar gyara kuskure a taku na biyu. A nan ne na fara gane cewa tazara tsakanin mutum biyu ilimi ce mai zaman kanta, kuma wanda ya fi iya auna ta yakan rinjayi wanda ya fi ƙarfi.

Wadda ta fara faɗa mini gaskiya ƙarara yarinya ce 'yar shekara 14 mai ɗamara ruwan ƙasa. Malaminmu ya haɗa mu domin ta duba mini Heian Yondan, lokacin ina shirin ɗaura shunayya. Ta zagaya bayana, ta tsaya shiru, sannan cikin ladabi ta ce, "Kawu, in ba za ka damu ba, ka ɗaga ƙafarka ta gaba ba tare da ka motsa jikinka ba." Na yi ƙoƙari, ƙafar ta ƙi tashi har sai da na karkata baya. Ita kuwa ta shiga tsayuwar, ta ɗaga tata kamar ba komai, kanta bai ko girgiza ba. Ta ce, "Nauyinka yana tsakiya ne, Kawu, shi ya sa." Na yi mata godiya da baki, amma a zuciyata na ce yarinya ce mai laushin gaɓoɓi, ba ta san abin da ake kira jikin babba ba. Ban gyara komai ba, kuma bayan mako uku aka ba ni shunayyar, abin da ya ƙara tabbatar mini da cewa ni ne mai gaskiya.

Ruwan ƙasa ita ce matakin da yake tace mutane. A tsarinmu matakai uku ne, kyu na uku da na biyu da na ɗaya, duk da launi guda, saboda haka mutum yakan yi shekara ko fiye yana cin jarrabawa ba tare da wani na waje ya ga abin da ya sauya a ƙugunsa ba. Sababbin motsi sun ragu ƙwarai, abin da ya rage shi ne maimaita na dā da idon da ya fi tsanani. Akwai Tekki Shodan, wadda ake yi gaba ɗaya a tsayuwar mahayin doki ana tafiya gefe da gefe a kan layi ɗaya, sai kuma Bassai Dai mai motsi 42, wadda take buƙatar ƙugu ya riƙa juyawa da ƙarfi daga wannan tarewa zuwa waccan. Cikin waɗanda muka fara tare a wancan wata, mu biyu kaɗai muka kai nan, kuma ɗayan ma ya daina zuwa kafin kyu na ɗaya. Ba na ganin laifinsa, domin wanda aka saba ba shi tukuici duk wata uku, idan aka yanke masa, dole ya tambayi kansa dalilin da ya sa yake zuwa, kuma ba kowa ne yake samun amsa ba. A wannan lokaci ne gwiwata ta hagu ta fara ciwo daga ciki, ciwon da yake tashi da ni da asuba. Na ɗora wa shekaru laifin, na sayi abin ɗaure gwiwa, na ci gaba.

Na shiga jarrabawar baƙar ɗamara a shekarata ta biyar. Masu jarrabawa uku ne a bayan teburi, babbansu baƙo ne da ya zo daga wani reshe, dattijo mai matakin dan na shida wanda bai taɓa ganina ba. Kihon ya tafi lafiya. A kata, ɗalibi yana zaɓar ɗaya daga cikin huɗu, Bassai Dai ko Kanku Dai ko Empi ko Jion, sannan masu jarrabawa su zaɓa masa ɗaya daga cikin na baya. Na zaɓi Bassai Dai, wadda na yi wata takwas ina gogewa, kuma na yi ta da dukkan ƙarfina. Dattijon bai ce komai ba, ya duba takarda, sannan ya ce in yi Heian Nidan. Na ji sanyi a raina, domin kata ce ta masu ruwan lemo, wadda nake ganin ko cikin barci zan iya yin ta. A motsi na farko ya ce in tsaya. Ya taso daga kujerarsa, ya zo ya sa yatsu biyu a kafaɗata ta gaba, ya tura a hankali, ba da wani ƙarfi ba. Gwiwar bayana ta karye ciki, na yi taga-taga har sai da na sa ƙafa na tare. Ya koma ya zauna, ya ce in ci gaba. Na ƙarasa katar, na yi kumite, amma tun a lokacin na san an gama. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Mako biyu ban je horo ba. Da na koma, na jira kowa ya watse, na sami malaminmu yana naɗe tufafinsa, na ce, "Malam, akwai abin da yake damuna. Idan wannan tsayuwa tawa ba daidai take ba tun farko, me ya sa aka yi ta ba ni ɗamara har sau takwas?" Na yi tsammanin zai kare kansa, sai na ga ya yi murmushi. Ya ce da ya hana ni rawaya saboda tsayuwar, da ban dawo ba, kuma ni ma na san haka. Ya ce a kowane mataki abin da ake tambaya shi ne ko ɗalibi ya kai inda za a iya ɗora masa darasi na gaba, ba a tambayar ko ya gama na baya, domin babu mai gama na baya cikin wata uku. Kowace ɗamara rabinta lada ce, rabinta kuma bashi ne da aka ba mutum bisa zaton zai biya a hanya, kuma wancan rubutu da ake yi mini a gefen takarda shi ne takardar bashin. Ya ce, "Sau takwas aka tuna maka, har na aiko maka da yarinya ta nuna maka. Bashi hanji ne, yana cikin kowa a zauren nan, har da ni. Kai dai ka ɗauka kyauta aka ba ka."

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma har yau ban yarda da ita ɗari bisa ɗari ba. Ina ganin da an tsayar da ni sau ɗaya a kore, lokacin da na riga na kamu da son abin, da gyaran ya zo da sauƙi, da gwiwata ma ta huta, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai kuma wata gaskiya da ba a cika son faɗa ba, wato cewa kusan ko'ina ana biyan kuɗin jarrabawa, kuma makarantar da take kayar da ɗalibai tana iya rasa su, saboda haka sassaucin malami ba koyaushe yake zama hikima zalla ba. Malaminmu ba ya cikin masu sayar da ɗamara, wannan na shaida, amma na ga wuraren da ake ɗaura wa mutum baƙa cikin shekara biyu alhali bai taɓa karɓar naushi na gaske ba. Shi ya sa launi ba ya nufin abu ɗaya a ko'ina. Jerin launukan kansa yana bambanta daga ƙungiya zuwa ƙungiya, har wanda yake da shuɗiya a wani wuri ya zama ƙasa da mai kore, a wani wurin kuma sama da shi. A jiu-jitsu na Brazil launukan manya biyar ne kacal, fari da shuɗi da shunayya da ruwan ƙasa da baƙi, kuma sau da yawa sai mutum ya yi kusan shekara goma kafin ya kai baƙa. A judo kuwa baƙa ba ita ce ƙarshe ba, domin masu dan na shida zuwa na takwas suna iya ɗaura mai ratsin ja da fari, na tara da na goma kuma ja. Ɗamara tana da ma'ana ne gwargwadon idon wanda ya bayar da ita.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi ƙarancin armashi a duk zamana a kareti, kuma ita ce ta fi amfanata. Likitan da ya duba gwiwata ya gaya mini abin da yarinyar nan ta faɗa da wasu kalmomin, cewa gwiwar da take faɗawa ciki alhali nauyi yana kanta tana jan jijiyoyin gefen ciki, kuma gyaran yana ƙugu, a tsokokin da suke buɗe cinya waje. Na koma ina tsayawa da bayana a jikin bango, domin ɗuwawu ya rasa inda zai tsere, ina shiga tsayuwar ina ƙirga talatin, in sauya ƙafa. Na ɗaga tsayuwar sama kaɗan, na rage tsawonta, na haƙura da cewa ba za ta yi kyan gani kamar ta matasa ba, sannan na riƙa saukar da ita a hankali cikin watanni. Malam ya sa ni in riƙa shiga sahun masu farar ɗamara duk lokacin da ake koya musu wannan tsayuwa, da ruwan ƙasata a ƙugu, kuma ban ce abin bai yi mini nauyi ba a makonnin farko. Abin mamaki shi ne yadda gyaran wuri ɗaya ya warware wasu matsaloli da ban taɓa dangantawa da shi ba. Juyawata a Bassai Dai ta yi sauri, saboda yanzu akwai ƙafar da nake juyawa a kanta. A kumite na fara iya janye jiki daga naushi in rama nan take, maimakon tsalle biyu baya da na saba yi. Kata ta fara ƙarewa a inda ta fara. Ciwon gwiwar ma ya tafi bayan kamar wata biyar, na aje abin ɗaurin.

A karo na biyu dattijon nan ne dai ya zo, kuma ban sani ba ko ya tuna ni. Heian Godan ya zaɓa mini, bai taso daga kujerarsa ba. A kumite aka haɗa ni da wani matashi mai tsawon hannu wanda ya same ni a ciki tun a daƙiƙun farko har numfashina ya ɗauke, na kuma yi sauran karawar ina neman iska. Na fito ina ganin na sake faɗuwa, sai na ji an kira sunana. Malam ya gaya mini daga baya cewa abin da suka duba shi ne yadda na ci gaba bayan dukan, ban rufe ido ba, ban kuma huce haushi a kan yaron ba. Da aka miƙo mini baƙar ɗamarar, sabuwa ce mai tauri, ƙullin ma ya ƙi zama, sai da na sake ɗaurawa sau biyu. Farin cikin da na ji bai kai rabin wanda na ji ranar rawaya ba, kuma a gefen takardar akwai sabon rubutu, wannan karon game da kafaɗuna da suke ɗagawa idan na gaji.

Kalmar da ake kiran wannan mataki da ita, shodan, ma'anarta matakin farko, kuma haka ake ɗaukarsa a Japan: alama ce cewa mutum ya san ginshiƙai daidai gwargwado, yanzu ana iya koya masa. Cikin kata 26 da ake lissafawa a Shotokan, waɗanda na iya ba su kai rabi ba. Mutanen da suka ji na ɗaura baƙa sukan tambaye ni mutum nawa zan iya dokewa, tambayar da ba ni da amsarta, domin abin da na koya a zaure mai shimfiɗaɗɗen daɓe, da abokin da ya san ƙa'ida, da malami a gefe, ya sha bamban da rikicin da babu ƙa'ida a cikinsa. Ɗaya daga cikin ƙa'idojin da Funakoshi ya bari ita ce babu fara kai hari a kareti, kuma kowace kata ta Heian da tarewa take buɗewa. Ko a wasu gasanni ma ɗamarar girma ba ta shiga fili. Lokacin da kareti ya shiga wasannin Olamfik na Tokyo, waɗanda aka yi a 2021, 'yan wasan da ja ko shuɗiyar ɗamara suka fito, domin alƙalai su bambance su kawai, kuma babu wanda ya tambayi dan ɗin kowa kafin a ba shi maki.

Yanzu ni nake taimaka wa Malam da sababbin ɗalibai a ranaku biyu na mako, kuma kafin kowace jarrabawa yakan tambaye ni wanda nake ganin ya isa ya shiga. A watan da ya wuce akwai wani magidanci da ya girme ni da kaɗan, wanda bai taɓa fashin darasi ba, yake shirin neman ruwan lemo. Na zagaya bayansa yana Heian Nidan, na ga gwiwar tana faɗawa ciki, ɗuwawu ya turo, hannu kuma yana sara da sauri. Na kwana biyu ina tunanin ko in ce a dakatar da shi, kamar yadda na sha cewa da an yi mini. Na tuna yadda yake duba jadawalin jarrabawa da ke manne a bango duk ranar da ya zo, na kuma san abin da yake lissafawa. A ƙarshe na ce wa Malam ya isa, ya shiga, ya ci. Bayan an watse na kira shi gefe na ce, "Yaya, ka karanta abin da aka rubuta maka a gefen takarda?" Ya ce ya gani, ai ƙaramin abu ne. Na ce ya zo da minti goma sha biyar kafin darasin gaba, akwai bangon da nake so in nuna masa.